Kada mai kula da manhaja ya sa wa kowa hannu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana masu rubuta manhaja, musamman masu aiki a kan manhajojin da kowa ke da damar gani da gyarawa. Ina kula da wata 'yar ƙarama a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, kuma ba abin da ke jawo mini gunaguni kamar layi ɗaya da muke buƙata a ƙasan kowane gyara: Signed-off-by, sai suna da imel.

Masu ƙorafi cewa suke yi ɓata lokaci ne. Layin nan kuwa shari'a ce ta haife shi. A 2003 kamfanin SCO ya maka IBM a kotu a Amurka, yana da'awar an cusa rubutun Unix cikin Linux, dukansu manhajoji ne masu tafiyar da kwamfuta. Shi ya sa a 2004 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da abokan aikinsa suka fito da takardar shaidar asalin aiki, DCO, kuma rubuta layin nan shi ne sa hannu a kanta. Wanda ya sa hannu yana cewa ne: ni na rubuta wannan, ko kuma na samo shi ta hanyar da lasisi ya halatta, kuma ina da ikon miƙa shi. Gajeriya ce ƙwarai, ba ta buƙatar lauya. A 2017 GitLab, wani kamfani mai shafi irin GitHub, shi ma ya koma kanta, ya bar doguwar yarjejeniyar da yake sa masu gudummawa su cika.

Tilasta dokar ba wuya. Akwai manhajar da ke duba kowane gyara, in babu layin ta hana a haɗa shi. Mai gyara kuwa, umarnin git commit -s kawai zai rubuta a Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, layin ya shiga da kansa. In ya manta, git rebase --signoff ya ishe shi.

Inda nake da ja shi ne da mu masu kulawa. Baƙo ya turo gyara mai kyau, ya manta layin, ya yi shiru mako biyu. Sai kunya ko gaggawa ta sa mai kula ya rubuta masa da hannunsa, da sunan baƙon. Na ga ana yi, har ana kiran sa taimako. Wa ya taɓa yi wa wani rantsuwa a gaban alƙali? Wataƙila baƙon a bakin aikinsa ya rubuta gyaran, kuma kwangilarsa ta ce duk abin da ya rubuta na kamfani ne. Shi kaɗai ya san haka. Ran da kamfanin ya taso, layin da ka ƙirƙira ba zai kare kowa ba, sai ma ya nuna an yi ƙarya. Ni dai jira nake yi, in tura masa umarnin da zai kwafa, in gode masa. In bai dawo ba, gyaran ya zauna. Haka ma manyan cikinmu, kada su riƙa tsallake binciken don suna da ikon haɗa gyara ba tare da shi ba.

Kuma layin ba katanga ba ce daga mugu, kowa na iya buga sunan da ya ga dama. Tabbatar da wanda ya turo gyara kuwa, wannan aikin sa hannu ne da mabuɗin sirri na kwamfuta, wanda ake yi da -S babba maimakon -s ƙarami.

A kuma riƙa gaya wa sababbi tun farko cewa takardar ta ce suna da imel za su dawwama a bainar jama'a. Bayan an haɗa gyara, cire su sai an sake rubuta tarihin aikin, alhali mutane da yawa sun riga sun kwafe shi.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum