Hanyar ɗan wasan hoki na ƙanƙara zuwa NHL

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A fadojin Damagaram, daga Birni har Zango, samari na kallon hoki na ƙanƙara, wasan da ake kora ƙwallo da sanda ana sulɓi, a waya, suna ɗauka dambe ne kawai. Muna so jaridarku ta nuna musu wahalar da ke cikin sana'ar.

A Kanada yaro kan fara sulɓi bisa ƙanƙara tun yana shekara 4 ko 5. Wajen 16 ya shiga gasar matasa, a 18 kuma ƙungiyoyi 32 na NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, su yi zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 7. Zaɓen ba shi ne shiga ba: galibi sai an gwada shi a ƙaramar gasa ta AHL, wasu ma can suke ƙarewa.

Wasa kashi 3 ne, minti 20 kowanne, amma ɗan gaba ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 kafin a canza shi, don gudun na cinye numfashi. Ƙwallon faifan roba ne mai tauri, giram 170, bugu mai ƙarfi na kai shi kilomita 160 a awa. Shi ke zubar da haƙora. Karo da bango kuwa yana girgiza ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya koma fili bai warke ba, bugu na biyu ya fi yi masa illa.

Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL, ya buga wa ƙungiyar Boston a 1958 alhali faifan ya riga ya kashe masa idon dama. Ɓoye maganar idon ya yi don kada a hana shi wasa. Wasa 45 kaɗai ya samu a NHL, sauran a ƙananan gasa har 1979.

Naku,
Wasu malaman wasannin motsa jiki, Damagaram