Baba, na buɗe wa bushiya ƙofa

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Ni ma nan Ingila lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mun shiga watan Yuni, zafinsu ya fara. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, kafin 5 na safe kuma gari ya waye tangaran. Don haka in na taso aiki sai in duƙufa a ɗan lambun gidan da nake haya. Tumatir ban fitar da shi waje ba sai ƙarshen Mayu, domin a nan sanyin dare ɗaya ya isa ya ƙone shi. Latas ne ya sha ni. Layi biyu na shuka, ya yi kore shar, wata safiya na tarar da ganyen duk huji, ga wani yauƙi yana sheƙi a ƙasa. Dodon koɗi ne, har da wani irinsa marar ƙoƙo, da dare suke fitowa in ƙasa ta jiƙe.

Har na yi niyyar sayo magani, sai maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta leƙo ta kan danga ta ce in dakata. Maganin da aka saba sawa an hana shi tun 2022, saboda yana cutar da tsuntsaye da bushiya. Ta ce in huda gindin katakon da ke tsakaninmu, santimita 13 tsawo da faɗi, don bushiya ta riƙa shigowa tana cin dodon koɗin, in ajiye ruwa a faranti, amma kada in kuskura in zuba madara, tana ɓata wa bushiya ciki. Na ce a raina, yanzu ni da hannuna zan yi wa bushiya ƙofa? Na dai yi. A dare na huɗu na ji huci a cikin ganye, na haska fitilar waya, sai ga ta ta dunƙule kamar ƙwallo. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta gama da ɓarayin ba. Har yau nakan fita da bokiti in tsince su ɗaya-ɗaya.

Ran Lahadi dattijuwar ta ja ni wani gida mai allo ruwan ɗorawa a ƙofa. Wani tsari ne da suke yi tun 1927: mai gida ya buɗe lambunsa ga baƙi, a biya 'yan fam, kuɗin ya tafi ga ƙungiyoyin jinya. Furanni kam sai wanda ya gani, amma abin da mai gidan ya fi alfahari da shi wata kusurwa ce da ya bari ciyawa ta kai gwiwa, ƙudan zuma na ta zirya, ga ɗan kududdufi cike da talibambam. Da kai ne, Baba, da ka nemi fartanya. Na kuma leƙa lambun Kew na Landan, wanda aka kafa a 1759. Cikin ɗakin gilashin da suke renon itatuwan ƙasashen zafi na fara yin gumi na gaske tun zuwana.

Da yamma tsattsewa ke shawagi saman rufi suna ƙara. Daga Afirka suke zuwa a Mayu, su koma wajen Agusta. Nakan daɗe ina kallonsu.

A gaishe min da Inna da ƙannena. In tumatir ya nuna zan turo hoto.

Ɗanka.