Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Makomar Karatun 'Ya'yanmu Masu Buƙata ta Musamman Bayan Sakandare

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu iyaye da marika na matasa makafi da kurame da guragu da masu jinkirin fahimta a wannan gunduma, bayan shawara da dagatai da masu unguwanninmu, muna gabatar da kukanmu a gabanka game da halin da 'ya'yanmu ke shiga da zarar sun kammala sakandare.

Wasu daga cikinsu sun yi karatu a makarantar musamman ta Tudun Maliki da ke Kano, wasu kuma sun daure a makarantun unguwa tare da sauran yara, sun koyi rubutun makafi na birail ko maganar hannu, har sun zauna jarrabawar fita. Daga nan sai hanya ta tsaya. Yaron da aka shafe shekara goma sha biyu ana kai shi makaranta a goye ko a kan keke sai ya dawo zaure ya zauna, kuma ba a daɗewa sai wani ɗan'uwa ya fara cewa ai gara ya fita bara, tun da abin da aka saba gani ke nan.

Ba mu ce babu ƙofa ko ɗaya ba. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta daban a wasu cibiyoyi, ciki har da Kano. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977. Amma manomin da ke neman kuɗin taki ba zai iya tura makauniyar 'yarsa har ƙasar Yarabawa ba, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga kuɗin makaranta, ga na'urar rubutu wadda sau da yawa ta fi kuɗin makarantar tsada. Da yawa daga cikinmu ma ba su san da waɗannan hanyoyi ba sai bayan an rufe rajista.

Lamarin kurame ya fi ba mu tsoro. Ɗaya daga cikinmu ta samar wa ɗanta gurbi a wata babbar makaranta, ya yi zango guda yana zama a gaban aji yana kallon leɓen malami, ba tafinta, ba wanda zai ba shi darasin a rubuce, har ya faɗi jarrabawa ya dawo gida, alhali ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Su kuwa masu jinkirin fahimta, waɗanda ba jami'a suke buƙata ba, ba a ma sa su a lissafi, duk da cewa da yawansu za su iya ɗinki ko saƙa ko kiwon kaji idan aka sami mai haƙurin koya musu sannu a hankali. Duk wanda ya ga kekunan da guragu ke ƙerawa da hannunsu a cikin birnin Kano ya san abin da horo ke iya yi.

Dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta umarci makarantun gwamnati, har da manyan makarantu, su tanadi ƙwararre da kayan aikin da suka dace da su, ta kuma ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. To amma gurbin aiki sai mai takarda, kuma a daidai inda kyautar ta ƙare ne 'ya'yanmu ke faɗuwa. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don gyara gine-gine ya cika tun Janairun 2024, amma har yau matakala ce ke tarar gurgu a ƙofar wuraren koyo da yawa.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kai wannan kuka gaban shugaban ƙaramar hukuma da majalisarsa, kasancewar jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin manya da koyar da sana'a cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki. Abu na farko da muke nema shi ne a umarci dagatai da masu unguwanni, tare da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin kurame, su rubuta sunan duk matashin da ya gama sakandare yake zaune, domin a san yawansu da irin buƙatar kowannensu. Daga wannan rajista muke so a ware musu kaso a tallafin karatun ƙaramar hukuma, wanda zai haɗa da kuɗin tafinta da na mai yi wa makaho karatu, kuma a sa ma'aikaci guda a sashen ilimi ya riƙa sanar da mu lokutan rajista ya taya mu cike takardu ta intanet.

Ga waɗanda sana'a ta fi dacewa da su, muna roƙo ka yi magana da shugabannin teloli da kafintoci da masu gyaran waya su karɓi almajirai daga cikinsu, ƙaramar hukuma ta biya ɗan ihsani ga mai koyarwa, domin maganarka a wurinsu ta fi takardar ofis nauyi. Haka kuma muna fatan a tunatar da kwamitin zakka na gunduma cewa buhun hatsi yakan ƙare cikin wata guda, amma keken ɗinki da horon shekara ɗaya na iya raba mutum da bara.

Muna roƙon a sa mana rana mu zo fada tare da wasu daga cikin matasan, su yi bayani da kansu, kuma za mu zo da tafinta.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyaye da marika na matasa masu buƙata ta musamman na wannan gunduma.