Kafin ku sayi manhaja, ku bi sawun motar shanshera ɗaya

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da masu kamfanonin casar shinkafa, musamman ƙanana da matsakaita da suka yawaita a Kano da Jigawa tun bayan shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers na 2015 da rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Ni akawu ne a ɗaya daga cikinsu. Yanzu ba a mako sai matasa sun shigo da kwamfuta suna tallar manhajar da za ta riƙe kamfani gaba ɗaya. Yaranmu ne, kuma sun iya aikinsu. Damuwata ita ce Alhaji mai kamfani yakan biya kuɗi tun kafin a zauna a zana yadda aikin yake tafiya.

Aikin nan kuwa takarda ɗaya ce ke jan sa. Mota ta taso daga Kura ko Haɗeja. Mai gadi ya rubuta lambarta, ta hau sikeli da kaya, yaron ɗakin gwaji ya soki buhuna ya ɗebi samfur, ya duba laima da tsakuwa da ƙaiƙayi. A yanke farashi, a sauke, motar ta sake hawa sikeli ba kaya, sannan ni in biya. Babu mai jiran umarnin manaja a cikinmu, kowa wata lamba yake jira. In laima ta haura kashi 14 cikin ɗari, takardar ta biya ta wajen masu busarwa a rage nauyi. In ba ta haura ba, ta wuce sito. Manhajar kirki ita ce wadda ta san wannan, har ta ƙi buɗe mini wurin biya muddin nauyi na biyu bai shiga ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne abin da kowa yake gani a allonsa. An taɓa kawo mana wata wadda duk wanda ya shiga zai ga komai, wai don a yi aiki a fili. To, yaron gwaji yana ganin sunan mai kaya. In ya ga na ƙanin Alhaji ne, ko na dillalin da ke yi masa ihsani da Sallah, sai kashi 17 ya koma 14. Ba mugu ba ne, kunya ce da nauyin ido. A ba shi lambar takarda kawai, ba suna, ba gari. Mai sikeli ba ruwansa da farashi. Mai sito yawan buhuna ya shafe shi, me zai yi da lambar asusun bankin manomi, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan? Ni kuwa in ga komai, amma kada a ba ni ikon taɓa nauyi ko laima. In gyara ya kama, manaja ya yi, sunansa da lokacin su zauna a rubuce.

Wanda ake mantawa da shi shi ne mai kayan. Yana can bakin ƙofa tun hantsi, bai san ko an auna ba, balle nawa aka zaftare masa, sai ya yi ta bin leburori da tambaya. Shi ma yana cikin aikin. Ƙaramar wayarsa ta isa: a tura masa saƙo da Hausa cewa nauyinka kaza ne, laima kaza, an rage kaza, kuɗinka kaza. In yana da ja, ya yi shi kafin a juye kayansa cikin na wasu.

Ku kuma masu haɗa manhaja, ku zo ku wuni a bakin sikeli a tsakiyar kaka, lokacin da motoci suka yi layi, wuta ta ɗauke, intanet ta ƙi. Ku tabbatar abin naku zai ci gaba da karɓar lambobi a hakan.

Na gode.

Daga wani akawun kamfanin shinkafa, Kano.