Wasiƙa daga Teksas: fari da malam-buɗe-littafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Hajiya da uwargida da yara. Ka tambaye ni yadda kaka take a nan jihar Teksas ta Amurka. Mutumina, fari ake yi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da malam-buɗe-littafi ya shiga.

Akwai wani iri da ake kira monak, mai fikafikai ruwan lemo da zanen baƙi. Nauyinsa wajen rabin giram ne kawai, amma duk shekara yakan taso tun daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya yi tafiyar da takan kai kilomita 4,000, ya sauka a dazukan kan duwatsun Michoacán a Meziko wajen farkon Nuwamba. Teksas ce mashigarsu, a watan Oktoba suke ratsa mu.

Ka ɗauke su kamar fatake: nan ne zangonsu, nan suke haɗa guzuri. Ruwan zaƙin furanni suke tsotsa, jikinsu ya mayar da shi kitse. Da kitsen nan za su yi zaman sanyi na kusan wata 5 maƙale a jikin itatuwa, don can abinci kaɗan ne. Da shi kuma za su fara dawowa arewa a watan Maris. To idan ruwan sama ya ɗauke, furannin daji ba sa buɗewa da yawa, waɗanda suka buɗe ma zaƙinsu ya ragu. Sai su isa Meziko a rame, wasu kuwa a hanya suke ƙarewa. Na ga gefen titunan da a shekarar ruwa sukan cika da furanni rawaya, bana sai busasshiyar ciyawa. Wallahi abin ya taɓa ni.

Can Meziko ba ɗai-ɗai ake ƙirga su ba, faɗin dajin da suka rufe ake aunawa. A sanyin 1996 zuwa 1997 sun rufe sama da hekta 18. A na 2023 zuwa 2024 hekta 0.9 kacal, kuma masu binciken sun ambaci zafi da fari cikin dalilai. Ba fari kaɗai ba ne, akwai maganin ciyawa da sare daji. Amma a ganina fari ya fi wuyar sha'ani, tunda ba dokar da za ta hana shi. Abin da ya rage mana shi ne shuka furannin da suka saba da ƙasar nan masu jure ƙishi, da barin yanke ciyawar gefen hanya har sai sun wuce. Na shuka kaɗan a bayan gida, da ruwan wanke kayan miya nake ba su.

Ga abin da zai ba ka mamaki: tsutsarsu ganyen wani tsiro mai farin ƙaro kaɗai take ci, ɗan'uwan tumfafiyarmu, shi ma fari yana busar da shi. Monak ɗin yana da ɗan'uwa a ƙasarmu, wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya. Don Allah ka sa yara su duba ƙarƙashin ganyenta a bayan gari, idan sun ga tsutsa mai zane-zane ka turo mini hoto ta WhatsApp.

A gaishe mini da Hajiya ƙwarai, a ce ta sa ni a addu'a. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Amininka na Teksas