Kada ka ciro kuɗin ISA da hannunka

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kuma sanyin Ingila bai matsa muku ba. Mu nan Jidda lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Na saurari saƙon muryar da ka turo cewa banki ya rage abin da yake ba ka a asusunka na ISA, wato asusun ajiyar Birtaniya da ba a karɓar haraji a kan ribarsa, har kana shirin kwashe kuɗin gaba ɗaya. Ka dakata tukuna. Na zaɓi in rubuta maka ne don ka karanta ka sake karantawa.

Ragin ba kai kaɗai ya shafa ba. Babban Bankin Ingila ya fara sauke kuɗin ruwa daga kashi 5.25 cikin 100 a Agustan 2024, ya yi ta saukewa har ya kai kashi 4 a Agustan 2025, sauran bankuna suka bi sahu. Sau da yawa kuma akwai ƙarin da ake yi wa sabon mai ajiya na wata 12 kawai, idan ya ƙare sai ribar ta faɗi warwas. Duba takardar bankinka ka ga wanne ne ya same ka.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Darajar ISA ita ce gwamnati ba ta karɓar haraji a kan ribarsa, amma fam 20,000 kaɗai aka yarda ka zuba a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Ranar da ka ciro kuɗin zuwa asusunka na yau da kullum, wannan kariya ta tafi. In ka mayar da su wani ISA, za a ƙirga su a matsayin sabon zubi, su cinye maka kason bana. Wanda ya tara fam 30,000 cikin shekaru ya ciro su, ba zai iya mayar da su duka a shekara guda ba. Akwai asusun da ke yarda a cire a mayar cikin shekarar, amma a cikinsa za a mayar, kuma ba kowane banki ke da shi ba.

Hanyar ita ce ka buɗe ISA a sabon banki, ka tabbatar yana karɓar kuɗin da aka dawo da su daga wani ISA, domin wasu ba sa karɓa. Ka cike musu fom ɗin canja ISA da lambar tsohon asusun da lambar inshorarka ta ƙasa. Su za su nemo kuɗin da kansu. Tsakanin ISA na tsabar kuɗi biyu, bai kamata ya wuce ranakun aiki 15 ba. In zuwa na hannun jari ne, kwana 30. Kada ka rufe tsohon asusun da kanka. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne suna ko adireshi ya bambanta a bankunan biyu, kai kuma ka sauya gida bara, don haka gyara wannan kafin komai.

Sai maganar da ta fi damuna. Tun da za ka ɗaga kuɗin, ka ɗaga su daga harkar kuɗin ruwa gaba ɗaya. Al Rayan Bank da Gatehouse Bank suna da ISA bisa tsarin Shari'a. Ba ruwa suke bayarwa ba, suna juya kuɗin ne a harkar halal su faɗa maka ribar da ake sa ran samu. Hukumar FSCS, mai biyan masu ajiya idan banki ya rushe, tana kare ajiyarsu kamar ta sauran bankuna, har fam 120,000 ga mutum ɗaya tun Disambar 2025, a da 85,000 ne. Lasisin banki ake ƙirgawa, ba suna ba, domin sunaye biyu kan zauna ƙarƙashin lasisi ɗaya. Ruwan da ya riga ya shigo maka, ka ware shi ka ba mabukata ba da niyyar sadaka ba. Ka tambayi malamin masallacinku ya yi maka bayani.

Ka yi lissafi da biro. A ce fam 15,000 gare ka. A kashi 2.5, ribar shekara fam 375 ce. Zakkar wannan kuɗi ita ma fam 375 ce, tun da sun haura nisabi. Ka ga ribar ta tafi, tsadar kaya kuma na cin uwar kuɗin. A kashi 4 kuwa fam 600 ne.

Ni dai shawarata ka raba biyu, kuma tun Afrilun 2024 doka ta yarda ka zuba a ISA iri ɗaya fiye da guda a shekara. Kuɗin hidimar wata uku zuwa shida su zauna inda za ka ciro a kowace rana. Sauran ka ɗaure su shekara ɗaya, domin lokacin da ake ta ragi, ɗaurewa ke riƙe maka ribar yau. Amma karanta tarar cirewa kafin wa'adi: wasu na yanke ribar kwana 90, wasu 180. Kada ka ɗaure kuɗin Hajjin matarka.

Kawunka yana cewa ka turo su nan a saya maka zinariya. Ban goyi baya ba. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala, fam kuwa hawa da sauka yake, kai kuma da fam kake biyan haya. In ma ka dawo nan da zama, asusun yana nan da kariyarsa, sai dai ka sanar da banki, kuma ba za ka ƙara zubi ba bayan shekarar harajin da ka taso.

Ka ɗauki hoton takardar bankin ka turo min kafin Juma'a, mu duba tare. A shafa min kan yara.

Mahaifinka,
Jidda