Zuwa ga aminina, kan labarin Gift Ngoepe

Pittsburgh, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya maiɗakinka da yara, yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya same ni, na kuma sha dariya da ka ce zaman Amurka ya lalata ni tunda har na iya zama awa uku ina kallon besbol, wasan da a cewarka rabin 'yan wasansa tsayuwa kawai suke yi suna tauna cingam. Sai ka rufe da tambayar ko akwai ɗan Afirka da ya taɓa tsoma ƙafa a harkar. To akwai, kuma a garin nan da nake zaune ya kafa tarihi, don haka gyara zama.

Sunansa Mpho Gift Ngoepe, an haife shi a 1990 a Polokwane ta Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa Maureen ta samu aikin shara da kula da ɗakin 'yan wasa na wata ƙungiyar besbol da ake kira Randburg Mets a gefen Johannesburg, aka ba ta wani ɗan ƙaramin ɗaki a jikin ginin, nan ta raini 'ya'yanta. Yaro yana buɗe ƙofa sai fili. A ƙasar da baƙar fata suka fi karkata ga ƙwallon ƙafa, Turawa kuma ga rugbi da kurket, shi sai ya tashi da safar fata a hannu. A ganina asirin duk yana nan. Muna yawan cewa wane yana da baiwa, amma baiwar da ba ta samu fili kusa da gida ba wa zai san da ita?

Ka bari in ɗan kwatanta maka aikinsa, in ba haka ba ba za ka ga abin yabo ba. Filin yana da tashoshi huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin mita 27. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya buga ya sheƙa zuwa tasha ta ɗaya. Mutum huɗu ke tsaron cikin fili, kuma wanda ya fi shan wahala shi ne mai tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku, don nan ƙwallo ya fi bi. Sai ya tare shi yana tsalle a ƙasa, ya juya, ya cilla wa na tasha ta ɗaya kafin mai gudu ya isa, duk a cikin daƙiƙa huɗu ko kusa da haka. Wannan gurbi da na tasha ta biyu su ne gidan Gift, kuma shekara da shekaru ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa iya tsaro a cikin matasan ƙungiyar Pittsburgh Pirates.

A wani sansanin horo da hukumar MLB, mai gudanar da babbar gasar besbol ta Amurka, ke yi a Tirrenia ta Italiya aka gano shi, Pirates suka sa hannu da shi a 2008. Shekara na zagayowa, yana ɗan shekara 19, ya buga wa ƙasarsa a gasar duniya ta World Baseball Classic a birnin Meziko. Afirka ta Kudu ta sha kashi a hannun Kuba da Meziko ta dawo gida, amma yaron ya yi abin da aka riƙa magana a kai: sau biyu yana buga ƙwallon Elmer Dessens, tsohon hannu da ya daɗe a babbar gasar Amurka, kuma kowane karo sai da ya kai tasha ta uku.

Daga nan sai doguwar tafiya. A besbol ba a tsallake matakala. Ƙananan gasanni hawa-hawa ne, a motar bas ake yawo, albashi kuma ba ya taka kara ya karya. Ya bi ta Bradenton, ya yi Altoona, ya kai Indianapolis. A 2013 mahaifiyarsa ta rasu yana tsakiyar wannan fafutuka. Kai da ka san zafin rashin uwa, ka ƙiyasta yadda yake ga wanda ke wata nahiya yana bin abin da babu tabbas.

Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka sako shi a wasa da Chicago Cubs, masu riƙe da kambu a lokacin, a filin PNC Park na nan Pittsburgh. Bugunsa na farko ya samu Jon Lester, ɗaya daga cikin manyan masu jifa, ya kuwa buga masa ya isa tasha ta ɗaya lafiya. Shi ke nan ya zama ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar Afirka a babbar gasar. A can gida gari ya riga ya shiga 27 ga wata, ranar bikin 'yancin Afirka ta Kudu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Safa ta kai shi bakin ƙofa, kulki ya hana shi zama. Gwanin bugu a wannan wasa shi ne mai dacewa sau 3 cikin 10. Gift bai kai 2 ba, kuma yakan yawaita dukan iska. Wasa 28 ya buga wa Pirates, aka miƙa shi ga Toronto Blue Jays, ya ƙara 13 a 2018, ƙofa ta rufe. Wasa 41 ke nan, a gasar da kowace ƙungiya ke buga 162 a shekara guda. Bayan haka ya buga wa Sydney Blue Sox a Ostireliya, ya yi gasanni masu zaman kansu a Amurka da Kanada, daga baya ya koma horar da matasa a ƙarƙashin Arizona Diamondbacks. Ƙaninsa Victor ma Pirates sun ɗauke shi, amma bai kai babbar gasa ba.

Na san halinka, za ka ce ina aka kai Hakeem Olajuwon da ya ci kambun NBA sau biyu. Ban musa ba. Amma ƙwallon kwando ƙarfe ɗaya da ƙwallo ɗaya sun isa a fara, besbol kuwa sai da safa da kulki da hular kwano da fili na musamman da wanda ya san dokoki masu sarƙaƙiya. Shi ya sa nake ganin wasa 41 ɗin nan ba abin rainawa ba ne, kuma shi ya sa duk lokacin da ka ce yaronka ya iya murza leda nake tambayarka wa ke koya masa, a wane fili.

In Allah Ya kai mu hutun ƙarshen shekara ina tafe, zan riƙo masa safa da ƙwallo ya gwada, kai kuma in ga ko za ka iya cafke ko guda. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Ka gaida 'yan majalisarmu baki ɗaya.

Naka har kullum,
Amininka